Ranar da Muka Binne Kunya

Tsibirinmu ne na farko a duk faɗin tsibiran Ha'apai da ya binne kunya, kuma dagacinmu Sekope ne ya sanar da hakan da bakinsa, yana tsaye ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, riƙe da amsa-kuwwar coci.

"Mun haƙa mata rami," in ji shi, "mun rufe, mun tattake. Yau a garin nan babu abin da yaro ba zai iya tambaya ba, babu abin da babba ba zai iya faɗa ba!"

Baƙin da suka zo daga babban birni, Nuku'alofa, suka tafa, mu ma muka tafa. Wannan Sekope ɗin ne, shekarun baya, ya rantse duk wanda ya ambaci kwaroron roba a filin garinsa sai ya nome ciyawar maƙabarta shi kaɗai. Amma tun da baƙi suka fara zuwa da kyamara, ra'ayinsa ya balaga.

Ni ce shugabar firamare, Fipe. Aure ne ya kawo ni daga babban tsibiri, Tongatapu, ba ni da ɗan'uwa a nan ko na rantsuwa, shi ya sa duk kwamitin da aka kafa ni ake sa wa riƙon alƙalami. Wadda ake taron domin ta kuwa maƙwabciyata ce, Pelenaise, da muke kira Naise. Katangar furanni ce kawai tsakanin gidana da nata. An zaunar da ita a farar kujerar roba a gaban kowa, ta ɗaura lallausar tabarmar ƙugu, irin wadda muke ɗaurawa a kan tufafi don girmamawa, wadda ta gada daga uwarta.

Aikinta ba ɓoyayye ba ne. Kowace Laraba da la'asar takan tara samari da 'yan mata a rumfar bayan gidanta ta gaya musu abin da iyayensu suka gwammace su mutu da su faɗa: jinin al'ada, mafarkin balaga, yadda ciki yake shiga, yadda ake cewa a'a, da wanda za a ruga wurinsa in ba a ji a'ar ba. Littafin da aka aiko daga birni ya ce a haɗa maza da mata wuri ɗaya. Naise ta ce wanda ya rubuta shi ba shi da 'yar'uwa. Namiji da 'yar'uwarsa, ko da kakanni ne suka haɗa su, ba sa zama inuwa ɗaya a yi zancen da ya gangara ƙasan cibiya, kuma a tsibiri mai mutane kaɗan kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Sai ta riƙa raba yaran bisa dangantaka. Ta haddace wanda ya haifi wa har zuwa kakannin kakanni, ta san wanda zai zo wannan makon da wanda zai jira na gaba. Ba ta bar kowa a baya ba. Wata yarinya kurma ta ƙirƙiro mata alamun hannu masu fitowa sarai, har fasto da ya leƙo ta shinge wata rana ya gane darasin gaba ɗaya, ya wuce yana tari. Yaron da ba ya iya tafiya a baro ake kawo shi. Mataimakiyarta kuwa Lupe ce, leiti, wadda aka haifa namiji ta tashi cikin mata, mai girkin biki, mai bakin da ko fasto yake kauce wa.

"Yanzu," in ji Sekope, "uwar wannan aiki za ta miƙe a rataya mata furanni."

Naise ba ta miƙe ba. Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Aka sake kira. Mata suka fara zolaya.

"Tashi mana, Naise! Ke da kike sa wa ayaba riga a gaban yara, yau kike kunya?"

Aka fashe da dariya. Baƙuwar da ke riƙe da furannin ta taka da kanta ta rataya mata a zaune, kowa ya yaba wannan tawali'u. A layin gaba, ƙanenta Kelepi, jami'in lafiyarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana duban ƙasa kamar yadda ya dace da namiji in ana irin wannan raha a gaban 'yar'uwarsa.

Aka buɗe murhun ƙasa, aka ci alade da doya da gwaza, aka yi rawa, aka raka baƙi bakin ruwa. Naise tana nan a kujerarta. Da fili ya watse sai ta yafito ni da yatsa.

"Fipe, Kelepi ya tafi?"

"Ya tafi raka baƙi."

"To kira min Lupe. Ku zo da zani."

Muka kama ta ni da Lupe muka ɗaga. Jini ya cika kwarmin kujerar, ya jiƙe tabarmar uwarta, ya bi ƙafar kujera ya shiga yashi. Wani ya bushe, wani sabo ne. Na yi karatu a jami'a a Suva, na san sunan abubuwa da yawa, amma Lupe ce ta riga ni magana.

"Yesu!" in ji Lupe. "Naise, alade kika yanka a ƙarƙashinki?"

"Rage murya, 'yar banza. Rufe kujerar."

Lupe ta goye ta har gida. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da muka kwantar da ita muka cire furannin, sai na ga abin da na yi watanni ina kallo ta kan katanga ban gani ba: leɓɓanta sun yi fari fat, wuyanta ya zama kamar na kaza.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun kafin guguwar bara."

"Al'ada ba ta ɗauke miki tuntuni ba?"

"Ta ɗauke. Wannan ba ita ba ce."

"Kin san mene ne?"

"Ni nake koyar da shi, Malama. Yana cikin littafin, shafi na kusa da ƙarshe, mai hoton bakin mahaifa da ciwon daji ya kama."

Lupe ta zauna daɓas a ƙasa. "Ke ce kike ce wa 'yan mata in suka ga jinin da ba na wata ba su ruga ɗakin shan magani."

"Su ai ina raka su. In shiga in yi bayani, shi ya ba da magani, ba a ambaci jikin kowa a gidanmu ba."

"To ke wa ya hana ki?"

Naise ta dube ta kamar wadda aka tambaya me ya sa ba ta cin ƙasa. "Wa zan gaya wa? Kelepi?"

Nas ɗin da muke da ita, mace, baƙuwa kamar ni, ta tafi New Zealand tsinkar tuffa tun shekarar da ta wuce, ba a aiko wata ba. Kelepi ne likita, shi ne nas, shi ne mai shara. Kuma shi ne yaron da Naise ta goya bayan rasuwar uwarsu, wanda tun ranar da muryarsa ta buɗe ya kwashe tabarmarsa ya koma bukkar samari, bai ƙara taka ɗakin da take kwana ba.

"Ni zan gaya masa," na ce.

"In kika gaya masa, kin sa shi ya ga abin a ransa. Da me zai dube ni bayan nan? Jirgin ruwan Alhamis zan bi, in ce zan gaida goggonmu a birni. Da ma taron nan nake jira ya wuce."

"Taro," in ji Lupe. "Taron binne kunya. Ai kuwa kin kusa bin ta ramin."

Naise ta yi dariya har ta riƙe mara.

Ban jira Alhamis ba. Da safe na tafi ɗakin shan magani na tarar da Kelepi yana tafasa almakashi. Na shirya jawabi a hanya, mai zagaye-zagaye, irin wanda ake koya wa mutum a jami'a. Na fara da cewa akwai wata mata, maƙwabciya, mai wata lalurar mata. Lupe, da ta biyo ni ba tare da na gayyace ta ba, ta ture ni gefe.

"Kelepi, yayarka tana zubar da jini ta ƙasa tun bara. Jiya ta cika kujera."

Na jira ya zabura, ko ya toshe kunne, ko ya kore mu. Sai ya kashe risho, ya tsame almakashin, ya shimfiɗa shi a kan tsumma.

"Na sani," in ji shi.

"Ka san me?"

"Ban san ta ina ba. Amma na ga idonta a coci tun Kirsimeti. Na ga yadda take hutawa a kan matakala." Bai ɗago ba. "Duk kwandon doyar da na aika mata akwai ƙwayar ƙarin jini a ƙasa. Ta aiko a ce min doya ta yi daɗi. Na ce mata goggo tana kewarta, ta je birni. Ta ce in an gama taro. Na roƙi a aiko mana nas har na gaji."

"Ba ka tambaye ta ba?" na ce.

"Da wane baki, Malama?"

"Da wanda kake cin abinci da shi!" Lupe ta daka masa tsawa. "Kai likita ne ko ƙane?"

Ya dube ta. "A wurin kowa likita ne," in ji shi.

Abin da ya biyo baya na gan shi da idona, kuma har yau in na ba da labarinsa a birni ana zaton ƙari nake. Kelepi ya zo gidan Naise da jakarsa, ya tsaya a waje, ya juya wa taga baya yana fuskantar bishiyar mangwaro. Ni ina ciki a gefen gado. Tsakaninsa da kan yayarsa bai wuce kamu biyu ba, katako ne kawai.

"Malama, tambayi mara lafiya ko akwai wari."

"Naise, akwai wari?"

"Ce wa jami'i akwai."

"Ta ce akwai."

"Malama, ɗora hannu ƙasan cibiya ki danna a hankali. Me kika ji?"

Na ji wani abu mai tauri kamar ɗanyen mangwaro. Na faɗa.

"Malama, tambayi mara lafiya ko fitsari yana fita."

"Ce wa jami'i tun jiya bai fita ba," in ji Naise kafin in buɗe baki. "Kuma ki ce masa ya matsa daga rana, ba shi da hula."

Ya ce jini take buƙata, kuma jini sai asibitin garin Pangai, tafiyar rabin yini a kwalekwale mai inji. Ya ruga neman mai kwalekwale. Amma tun daren taron iska ta juyo daga kudu, teku ta yi fari, raƙuman ruwa suna tsallake duwatsun mashiga. Mai kwalekwalen ya ce ko uwarsa ce ba zai fita ba. Jirgin Alhamis ma aka ji a rediyo ya fasa. Sekope ya zo gaisuwa da kifi, aka ce masa Naise gajiyar taro ce ta kwantar da ita, ya ce ai dole, aikin ƙasa ba wasa ba.

Ranar Laraba yaran suka taru a rumfar baya kamar kullum. Naise ta ji hayaniyarsu ta sa aka buɗe tagar baya.

"Lupe, su wa suka zo?"

Lupe ta lissafo.

"Mayar da ɗan gidan Maka. Kakarsa da kakan yarinyar nan mai kitso ɗaki ɗaya suka fito."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi ubanki. Mayar da shi, ki ce ya zo mako mai zuwa."

Ta kwanta tana sauraron Lupe tana bayanin yadda ake ƙin abin da ba a so, tana gyara mata daga kan gado da muryar da ba ta kai ƙofa.

Washegari da hantsi ta daina gane ni. Hannunta ya yi sanyi, numfashinta ya koma sama-sama. Na fita na gaya wa Kelepi, wanda kwanakin nan duka a gindin mangwaron yake wuni. Ya ce a sa mata ruwa ta jijiya. Ya miƙo min allura ta taga yana faɗa min yadda ake yi. Na huda ta sau da yawa ban samu komai ba.

"Ba zan iya ba, Kelepi. Ni lissafi nake koyarwa."

Na ji takunsa ya zagayo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya shigo da rarrafe kamar mai shiga gaban sarki. Lupe ta yi sauri ta ja zani ta rufe Naise daga wuya zuwa ƙafa, ta bar hannu ɗaya a waje. Hannun kaɗai ya duba. Ya ɗaure, ya bubbuga, ya nema a gwiwar hannu, ya nema a bayan tafi. Jijiyoyin sun kwanta.

Naise ta buɗe ido. Ta dubi rufin ɗaki, ta dubi wanda ke riƙe da hannunta. Na ga ta gane shi, kuma na ga abu na farko da ta yi: ta laluba da ɗaya hannun ta tabbatar zanin yana rufe da ita.

"Kelepi," in ji ta. "Ka shigo."

"Na shigo. Ki yafe min."

"Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Lupe, akwai sauran rogo a tukunya."

Bai saki hannun ba. Bai kuma daina neman jijiyar ba, har bayan da ni da Lupe muka ga babu sauran amfani. Rana tana tsaka, kaji suna tone-tone a ƙarƙashin gidan, ana jin yaran makarantata suna karanta jadawalin sau a ajin da na bari ba malami. Lupe ce ta taɓa kafaɗarsa. Ya ajiye hannun a kan zani, ya ja da baya da rarrafe yadda ya shigo, ya manta takalmansa a bakin ƙofa.

Iska ta kwanta a yammacin ranar. Teku ta yi lumus kamar mai a faranti.

Garin ya girgiza da labarin rasuwarta, don ba wanda ya san tana ciwo. Mata suka riƙa tare ni a hanya. "Me ya same ta? Ba ran Asabar muke tsokanarta ba?" In na faɗa musu, sai su rufe baki da hannu, su ce wayyo. Ba wadda ta tambaye ni me ya sa ba ta gaya wa Kelepi ba. Ɗaya daga cikinsu, mai saƙar tabarma, ta ce min a hankali, "Ni ma akwai abin da nake ji a nono. Amma kin san uwata da uban Kelepi..." Ta bar maganar a nan ta wuce.

Aka yi jana'iza yadda ta kamata. Goggonsu ta iso daga birni a jirgin farko, ta zauna a wajen kan gawa. Kowa ya sa baƙi. Kelepi, da yake ɗan'uwan mamaciya ne, wurinsa yana can baya wajen wuta: ya naɗe jikinsa da tsohuwar tabarma yagaggiya tun daga ƙirji har ƙasa, yana fasa itace, yana ƙona gashin alade, yana ɗora tukwanen shayi don masu zaman makoki. Sekope ya yi jawabi a bakin kabari. Ya ce marigayiya ta bar mana gari wanda ba a ɓoye-ɓoye a cikinsa, kuma kwamiti zai sa sunanta a allo. Da aka tambaye shi abin da ya kashe ta, ya ce gajeriyar rashin lafiya.

Ba a cire baƙin kaya ba tukuna na ji cewa Kelepi ya nemi a ɗauke shi daga tsibirin, a mayar da shi wani tsibiri can arewa inda bai san kowa ba, a aiko baƙo a madadinsa. Sekope ya ce ƙarin girma ne, kuma abin alfahari ga gari. Na same shi a gonarsa yana nuna wa wani maƙwabci iyakar kunyoyin doyar da ba zai haƙa ba.

"Kelepi, ina za ka? Gidanka yana nan, kabarin uwarka yana nan, yanzu ga nata."

Ya kakkaɓe ƙasa daga hannunsa. "Malama, ke mai lissafi ce. Matan garin nan, nawa ne ba 'yan'uwana ba?"

Na fara dubawa a raina, gida gida.

"Kar ki wahalar da kanki," in ji shi. "Ke ce, da matar fasto, da matata."

"In ba su aiko kowa ba fa?"

"In ina nan ba za su aiko ba. A takarda akwai jami'i." Ya rage murya. "Mai saƙar tabarmar nan, ki sa ta a jirgi. Kar ki ce ni na ce."

Ranar tafiyarsu ba a yi taro ba, don ba a rawa cikin makoki. Kwalekwale ya zo ɗaukarsu zuwa Pangai da safe. Aka loda akwatuna, da katifa a naɗe, da ɗan alade a buhu. Matarsa tana kuka tana rungumar mata ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwansa mata, wato kusan duk wanda ya zo, suka tsaya nesa kaɗan bisa ladabi, shi ma ya gaishe su daga nesa bisa ladabi. Lupe ta cusa masa ƙunshin rogo da kifi a hannu, ta ce, "Ungo, likitan kowa."

Ya shiga ya zauna a ƙasan kwalekwalen, har yanzu da baƙar riga da tabarmar makoki. Kayan sun yi nauyi, ruwa yana ɗan shigowa ta gefe. Mai inji ya miƙa masa yankakken galan. Har suka wuce duwatsun mashiga muna hango bayansa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana kwashe ruwan yana zubarwa a teku.